Yadda Juyawar Hanyar Jirgi Ta Ɗaukaka Minna Ta Bar Baro

Kowa ya tsaya a tashar jirgin ƙasa ta Minna zai ga hanya ta rabu biyu: ɗaya ta bi ta ƙasar Bosso ta nufi Zungeru da Jebba har Ikko, ɗaya kuwa ta gangara kudu zuwa Baro a bakin Kwara. Ta Baro ita ce ta fara isa Minna, amma ita ce ta koma reshe daga baya.

A cikin 1907 ne Gwamnan Arewa, Sir Percy Girouard, wanda shi kansa injiniyan reluwe ne, ya sa aka soma shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano, tafiyar mil 356. Nufinsa shi ne Arewa ta sami mafita ta kanta. Jiragen ruwa su hauro Kwara da kaya daga teku, su sauke a Baro, jirgin ƙasa ya ɗauka. John Eaglesome, shugaban ma'aikatar ayyuka, shi aka danƙa wa aikin. Hanyar ta bi ta Badeggi da Kataeregi, ta ratsa ƙasar Gwari a gindin duwatsun Minna, ta wuce Kaduna da Zariya, ta isa Kano a 1911.

Aikin nan bai yi wa talakawa sauƙi ba. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa tara leburori, Nufawa da Gwarawa da Hausawa, da yawansu ba da son ransu ba, suka bar gonaki suka kama diga da kwando.

A wannan lokaci kuma hanyar Gwamnatin Kudu, wadda ta taso daga Ikko ta isa Badun a 1901, ta riga ta kai Jebba a 1909. Sai aka miƙa ta ta Zungeru, hedkwatar Arewa ta zamanin, aka haɗe ta da ta Baro a Minna. A 1912 aka gama hukumomin hanyoyin biyu suka zama ɗaya. Da fari a jirgin fito ake ƙetarar da taragu a Jebba, har aka kammala gada wajen 1915.

Daga nan sai zance ya sake. Ruwan Kwara yakan janye da rani, manyan jirage ba su iya kaiwa Baro sai lokacin cikowa, ga kuma wahalar sauke kaya a sake lodi. Ikko kuwa jirgi ɗaya ne daga Kano har bakin teku. Gyaɗa da auduga da fatu suka juya can, hanyar Baro mai mil 111 ta zama ta ƙaramin ciniki.

Minna ce ta ci ribar wannan. Ma'aikatan reluwe, Yarabawa da Ibo da Hausawa, suka kafa unguwanni kusa da tasha, kamfanonin Turawa suka buɗe rumfunan awon gyaɗa, doya da ƙwarar kaɗe suka sami kasuwa. Bosso, tsohon garin Gwarawa da ya girmi tashar, sai ya ga baƙon gari ya tsiro a ƙofarsa, har ya zo ya haɗe da shi. Zungeru ta rasa hedkwata, aka mai da ita Kaduna a 1917. Minna ta zama babban birnin Jihar Neja a 1976, aka kuma kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Bosso a 1983.

Baro fa? A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a can. Amma tashar ruwa ba ta cika amfani sai da hanyar da za ta kwashe kaya zuwa cikin ƙasa. Abin da manoman Neja ke jira ke nan: ranar da dogon da kakanninsu suka haƙa wa hanya zai sake ɗaukar doyarsu da shinkafarsu.