Sabon Rumbu, Tsohon Hatsi: Sauya Manhajar Kwamfuta Ba Tare da Asarar Wasiƙu Ba



Ƙungiyoyinmu na gama kai da dama a ƙasar Kafin Hausa da Hadejia suna da kwamfuta a gidan magatakarda. A ciki ake ajiye sunayen membobi, da lissafin bashin taki da iri, da wasiƙun imel na masu sayen shinkafa da riɗi. To, ga wani al'amari da ya kamata kowane kwamiti ya sani.

Mene ne ya faru?

Kowace kwamfuta tana da babbar manhaja wadda take tafiyar da sauran ayyuka duka. Yawancin namu suna aiki da Windows 10, wadda ta fito a shekarar 2015. Kamfanin Microsoft ya daina kula da ita ran 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba za ta mutu ba, amma an bar toshe mata kafofin da ɓarayin intanet suke shiga. Kamar rumbu ne wanda aka daina yaɓe shi: yana tsaye, amma ɓera da gara sun sami hanya. Wanda ya yi rajistar ƙarin wa'adi, nasa ya tsaya ne a 13 ga Oktoba, 2026.

Magajiyarta ita ce Windows 11. Kyauta ce ga mai Windows 10 ta gaskiya, amma ba kowace kwamfuta take iya ɗaukarta ba, balle tsofaffin na hannu. Akwai 'yar manhaja mai suna PC Health Check wadda za ta gaya muku ko taku ta isa. In ba ta isa ba, kada ku yi gaggawar cin bashi. Ana iya sa mata Linux Mint, ita ma kyauta ce.

Ina wasiƙunku suke kwana?

Wannan ita ce babbar tambaya. In kuna buɗe Gmail ko Yahoo a intanet, wasiƙun suna wurin kamfanin, ba cikin kwamfutar ba. Abin da kuke bukata shi ne adireshi, da kalmar sirri, da layin wayar da aka yi rajista da shi. Ku tabbata layin yana aiki, kuma yana hannun ƙungiya, ba hannun tsohon magatakarda da ya ƙaura Kano ba.

Amma in da Outlook ko Thunderbird kuke karantawa, mai yiwuwa an sauke wasiƙun cikin kwamfutar kaɗai. In mai gyara ya share ta, sun tafi ke nan. Tsohuwar Outlook tana iya fitar da su cikin fayil mai alamar .pst, Thunderbird kuwa tana da jaka guda wadda ake kwafewa ɗungurungum.

Yadda za ku yi

1. Ku zaɓi lokacin da aiki ya lafa, bayan kaka, ba lokacin neman bashin noman rani ba.

2. Ku kwafe wasiƙu, da adireshin mutane, da lissafi duka a filashi biyu. Ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin ma'aji, a wuri mai tudu. Ambaliyar 2022 ta koya mana wannan.

3. Ku buɗe kwafin a wata kwamfuta, ku gani da idonku yana aiki.

4. Ku cika batir, ku tanadi isasshen data. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, ana iya samun ɓarna.

5. In za ku kai wa mai gyara, mutum biyu su tafi. Ku tambaye shi ko zai share kome. Kada ku bar masa kalmar sirri.

6. Bayan an gama, ku maido da wasiƙun, ku aika wa kanku guda ɗaya don gwaji. Kuna da kwana 10 na komawa tsohuwar manhaja in abin bai yi ba.

Lissafin ƙungiya amana ce. In ya ɓace, zargi zai shiga tsakanin 'yan'uwa, gwauruwar da ta biya bashinta kuwa ba ta da shaida. Yusufu ya tanada tun yunwa ba ta zo Masar ba. Rigakafi ya fi magani. Ku kawo maganar nan a taronku na gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka. Amin.