Gejin mota da na jirgin ruwa: fuska ɗaya, ciki daban

Babu kogi a Gagarawa Tasha. Abin da ke akwai shi ne rairayi, gonakin gero da riɗi, da motocin da ke lodi zuwa kasuwar Maigatari duk ranar Alhamis. Amma matashin da gejin zafin motar gidansu ya mutu, ya shiga Jiji ko AliExpress neman sabo, zai tarar da na jirgin ruwa jere da na mota. Dukkansu zagayayyu ne, faɗin milimita 52, da allura iri ɗaya. Sai dai na jirgin ya fi tsada.

Tsadar tana da dalili. Ana rufe gejin jirgin ruwa ruf, da bakin ƙarfen da ba ya tsatsa da gilashin da ba ya yin gumi daga ciki. Da yawa na ɗauke da lambar IP67, ma'ana ƙura ba ta shiga, kuma zai jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Na mota kuwa an yi shi ne don zama a inuwa, bayan gilashi. Saboda haka a kan tarakta, janareta ko injin ban ruwa da ke kwana a fili, rani da damina, na jirgin ya fi dacewa ko da ba a taɓa ganin kwale-kwale a garin ba. Wanda ya san ƙurar hunturu a yankin Gumel ba zai yi gardama ba.

Inda ake tafka asara shi ne wajen sensa. Geji ba ya auna komai da kansa, saƙon da sensa ta aiko daga tanki ko inji yake karantawa, kuma yaren ba ɗaya ba ne. A tsarin Amurka, wanda jiragen ruwa da yawa ke bi, sensar mai tana ba da om 240 idan tanki wayam yake, 33 idan ya cika. A tsarin Turai kusan akasin haka ne: 10 a wayam, 180 a cike. Idan aka haɗa wannan da wancan, allura za ta nuna mai ya cika alhali tanki ya kusa bushewa. Na mai da sauƙi, iyakaci a tura mota. Idan na zafi ne ya yi ƙarya, direba na tafe da lodin shanu hankali kwance har gasket ya ƙone. Ko a jirgin ma lissafin daban ne, domin injin da ke jan ruwan teku kai tsaye yana aiki a wajen digiri 60 zuwa 70, na mota kuwa kusa da 90.

Sai waya. Mota na amfani da ƙarfen jikinta wajen mayar da wuta zuwa batir, don haka waya ɗaya kan ishi sensa. Jikin kwale-kwalen katako, irin na fadamar Haɗeja da Nguru, ba ya ɗaukar wuta, dole a ja wa geji wayar komawa tasa. A kuma duba ƙarfin wutar: ƙananan motoci volt 12, manyan da yawa 24.

Masu son ganin komai a fuskar waya su ma su kula. Ƙaramar na'urar ELM327 mai Bluetooth, tare da manhajar Torque, tana karanta zafi da juyin inji ta kafar OBD-II, wadda Amurka ta wajabta wa motoci tun 1996. Jiragen ruwa na zamani suna amfani da NMEA 2000 ne, kuma ELM327 ba ta gane shi. Tsofaffin taraktoci da injinan ban ruwa kuwa ba su da ko ɗaya, sai geji mai allura.

Mafi aminci shi ne a sayi geji da sensarsa a kwali ɗaya. Idan ba a samu ba, mai rewaya ya ɗora mita a kan tsohuwar sensar, ya karanta om ɗinta, kafin a tura kuɗi.