Lissafin Yashin da Akwatin Kifi ke Buƙata

Yashi ko tsakuwar da ake shimfiɗawa a gindin akwatin kifi na gilashi shi ne mazaunin ƙwayoyin halittar da ke narkar da kashin kifi, kuma a cikinsa saiwar tsirrai ke kamawa. Abu biyu ne ke ƙayyade yawansa: faɗin gindin akwatin da kaurin shimfiɗar. Tsayin akwatin daga ƙasa zuwa baki ba ya shiga lissafi.

Ana auna tsawo da faɗi da santimita, a ninka su da kaurin da ake so, sannan a raba da 1,000. Abin da ya fito shi ne lita. Akwati mai tsawon santimita 60 da faɗin 30, idan ana son kaurin santimita 5, zai ci lita 9. Lita ɗaya ta busasshen yashi tana kai kimanin kilo 1.5, don haka lita 9 kusan kilo 14 ke nan. Idan shimfiɗar za ta gangaro, misali santimita 7 a baya da 3 a gaba, sai a ɗauki tsaka-tsakinsu, wato 5.

Kauri kuwa yana bin abin da za a zuba a akwatin. Inda ba tsirrai, santimita 2 zuwa 3 sun wadatar. Mai tsirrai yana son 5 zuwa 8. Yashi mai laushi idan ya yi kauri fiye da kima iska ba ta ratsa ƙasansa, sai datti ya ruɓe yana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce ga kifi. Tarwaɗa tana lalube ƙasa da gashin bakinta, tsakuwa mai kaifi na ji mata rauni. Karfasa kuma haƙa rami take yi, takan tumɓuke tsirrai.

A Magarya da sauran ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo yashin gulbi ba wuyar samu, musamman da rani idan ruwa ya janye. Sai dai yana zuwa da laka, dole a wanke shi har ruwan wankin ya fito garau, a kuma ɗebo da ɗan ƙari saboda wanki na rage shi. Ƙasar Sakkwato tana da dutsen farar ƙasa, irin wanda ake haƙa a Kalambaina don yin siminti. Wannan dutse yana narkewa a hankali ya sauya yanayin ruwa, shi ya sa ake ɗiga wa tsakuwa ruwan lemun tsami: in ta yi kumfa, akwai shi a ciki.

Nauyin yashin yana haɗuwa da na ruwa, kilo ɗaya a kowace lita, kuma da jimlarsu ake zaɓen teburin da zai ɗauki akwatin.