Sunan kaka a cikin wasiyyar ubangida

Mai karatu, baƙar fatar Amurka da ke neman asalinsa yakan cije a shekarar 1870. A ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba, sai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan mai su.

To, ina sunan yake? Yana cikin takardun wasiyya da na rabon gado, inda aka jera mutane tare da gadaje da tukwane da dawaki, wani lokaci har da farashi kamar hajar kasuwa. Abin takaici ne, amma in aka ga "wance da ɗiyarta", zuriya ta kama bakin zare.

Dubi Joj Washinton, shugaban Amurka na farko. A 1743, zamanin mulkin Ingila, ya gaji bayi 10 daga ubansa yana ɗan shekara 11. Wasiyyarsa ta 1799 ta ƴanta bayinsa 123. Sai dai wasu 153 na gidan dukiyar mijin matarsa Marta na farko ne, kuma ɓangarorin biyu sun auri juna. Da Marta ta rasu a 1802 aka raba waɗannan ga jikokinta huɗu: miji ya zama ɗa, mata da yara suka bi magada.