Makullin Da Ke Buɗe Ƙofa Amma Ya Ƙi Tayar Da Mota

Uwargida, idan maigida ya sayo mota, abin da muka fi dubawa shi ne launinta, da sanyinta, da ko but ɗinta zai ɗauki kayan cefane. Da wuya ki ji wadda ta tambayi makulli nawa aka haɗo da ita, kuma wane iri ne. Sai ranar da yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare, maigida kuma ya yi tafiya da nasa makullin, a ɗauko na ajiya daga durowa, ya buɗe ƙofa lami lafiya, a murɗa, inji ya yi ta gurnani amma ya ƙi tashi. Batir lafiyarsa lau, mai kuma yana nan. Laifin na makulli ne, kuma abu ne da za a iya ganowa tun kafin ranar buƙata.

Mene Ne Makullin Falet?

Kalmar falet daga Faransanci ta fito, ma'anarta hadimi. A Amurka da ƙasashen Turai, manyan otal-otal da gidajen abinci suna da ma'aikatan da ke karɓar motar baƙo a bakin ƙofa su kai ta wurin ajiya. Mai mota yana so a tuƙa masa ita, amma ba ya so a buɗe masa kaya. Shi ya sa kamfanoni irin su Toyota da Honda suka riƙa haɗa sabuwar mota da makullai iri biyu: manya masu baƙin kai, da ƙarami guda ɗaya wanda galibi kansa ruwan toka ne. Wannan ƙaramin shi ne makullin falet.

Babban makulli yana buɗe ko'ina. Na falet kuwa an ɗan bambanta yankansa, ta yadda zai buɗe ƙofar direba ya tayar da inji, amma ba zai buɗe but da aljihun gaban mota ba muddin an kulle su da babban. A wajenmu, shi ne ya dace ki miƙa wa mai wankin mota, ko bakanike, ko yaron da aka aika sayen mai. Ba zargi ba ne, kiyaye dukiya ne, kuma rufin asiri ne ga shi wanda aka aika, domin idan wani abu ya ɓace babu mai kallonsa.

Ke nan makullin falet na gaskiya dole ne ya tayar da mota, don aikin da aka yi shi dominsa ke nan. To me ke sa wasu su ƙi?

Sirrin Yana Cikin Kan Makulli

A da, haƙoran makulli su ne komai. Duk wanda ya samu ƙarfe mai irin yankan, ko ya iya haɗa wayoyi, ya tafi da mota. Da satar motoci ta yi yawa, sai aka fito da na'urar hana inji tashi. A shekarar 1998 ƙasashen Jamus da Ingila suka wajabta ta a kan sababbin motoci, Ostireliya ta bi sahu a 2001, Kanada a 2007. Yawancin motocin Beljiyam da ke shigo mana a yau suna ɗauke da ita.

Ga yadda take aiki. A cikin robar kan makulli akwai wata 'yar ƙwaya mai ɗauke da lambar sirri, girmanta bai fi ƙwayar shinkafa da yawa ba. A bakin ramin da ake zura makulli kuma akwai zoben waya a naɗe. Da kin murɗa, zoben zai aika wa ƙwayar ɗan ƙarfin lantarki, ita kuma ta amsa da lambarta, don haka ba ta buƙatar batir. Idan ƙwaƙwalwar mota ta gane lambar, sai ta saki mai da wuta. Idan ba ta gane ba, sai ta hana. Haƙora suna buɗe ƙofa ne kawai, ƙwayar ita ke da iznin tayar da inji.

Daga nan dalilan suke fitowa. Na farko, makullin da aka yanko a kasuwa, ƙarfe ne zalla babu ƙwaya. Na biyu, mai ƙwaya ne amma ba a yi masa rajista a ƙwaƙwalwar wannan motar ba, abin da ke yawan faruwa da motar da ta bi hannuwa da dama kafin ta iso gare mu. Na uku, wanda tun asali don buɗe ƙofa kawai aka yi shi, kamar siririn ƙarfen da ke ɓoye cikin rimot na motocin da ake tayarwa da danna maɓalli. Na huɗu, ƙwayar ta fashe ko ta faɗo, musamman idan yara sun mayar da makulli abin wasa suna buga shi da ƙasa. Wani lokaci kuma cusa makullan motoci biyu a zobe ɗaya ne ke rikita saƙon.

Alamar da za ki duba ita ce 'yar fitila a gaban direba mai hoton makulli, ko mota da kwaɗo, tana ƙiftawa ba tsayawa. A motocin Honda da dama koriya ce. Wasu motocin, kamar Volkswagen, sukan tashi na daƙiƙa ɗaya ko biyu sannan su mutu. Idan kin ga haka, ki daina murɗawa, batir kawai za ki kashe.

Hatsarin Zama Da Makulli Ɗaya

Motoci da yawa na hannu da makulli guda ake sayar da su, wani sa'in ma na falet ne mai saye bai sani ba. A nau'o'in Toyota da dama, sai da babban makulli ake iya yi wa sabo rajista cikin sauƙi, na falet ba ya wannan aiki. Idan kuwa guda ɗayan da ake da shi ya ɓace, sai an ɗauko ƙwararre da kwamfuta ya sake tsara ƙwaƙwalwar motar, kuɗin kuma ya ninka na yanka makullin ajiya nesa ba kusa ba.

Abin Da Za Ki Yi A Makon Nan

Ki nemi maigida ku tattaro duk makullan motar gidan, ku gwada su ɗaya bayan ɗaya: ƙofa, but, aljihun gaba, sannan a tayar da inji a bar shi ya yi minti guda yana aiki. Wanda ya tayar amma ya kasa buɗe aljihun gaba, shi ne na falet. Wanda ya buɗe ƙofa kaɗai, ki ɗaura masa alama kada ya yaudare ki.

Idan guda ɗaya ne ke tayarwa, a yi wani tun yanzu wurin mai na'urar rajista, a kuma gwada shi a gabansa kafin a biya. Kada ku yarda a cire ƙwayar a manne ta a jikin sitiyari don kowane ƙarfe ya riƙa tayar da motar. Yana da arha, amma an buɗe wa ɓarawo hanya ke nan.

Mai motar maɓalli kuwa, idan batirin rimot ya mutu, ki kara rimot ɗin a jikin maɓallin ki danna, yawancinsu za su tashi. Idan za ki bayar da motar, ki zare ƙarfen cikin rimot, ki kulle aljihun gaba da shi, ki riƙe a hannunki.

A ƙarshe, a sama wa makullin ajiya wuri guda da ke da maigida kuka sani, nesa da ruwa da hannun yara. Allah ya kiyaye mana iyalanmu da dukiyoyinmu, amin.