Ba A Cinikin Biri A Sama: Duba Takarda Kafin Ka Sayi Mota

Bayan farashin kaya, yau muna jan kunnenku kan sayen mota ta hannu daga wurin mai ita. Sau da yawa mukan ga mutum ya duba inji da taya, ya zaga gari, ya ƙirga kuɗi, amma takarda ko kallo. Sai an tare shi a shinge ya ji wai motar ta sata ce. Ga asarar jari, ga kwana a caji ofis, dillali kuma ya mai da la'ada, mutuncinsa ya zube.

To, ga abin da muke ba da shawara. Kafin ka ba da ko kafin alƙalami, ce a kawo takardun asali, ban da hoto: shaidar mallaka, lasisin mota, inshora, da takardar lafiyar mota. In daga waje aka shigo da ita, irin 'yan Kwatano ɗin nan, sai ka ga takardar biyan kwastan. In babu, ko ta yi hannu goma, wanda aka kama da ita shi ke kuka.

Sannan ka ɗauki takarda ka tsaya gaban mota. Lambar shasi tana jikin ƙarfe. A yawancin motocin da aka ƙera tun 1981 haruffa da lambobi 17 ne. Karanta ɗaya bayan ɗaya, haka lambar inji. In ka ga alamar kankara, ko walda, ko sabon fenti a wurin, ka ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Sai suna. In sunan da ke takarda ba na mai sayarwa ba ne, ya nuna rasit na kowane hannu da ta bi. In ta gado ce, sai magada sun yarda. "Ai ta yayana ce, ya yi tafiya" ba hujja ba ce.

In an sallama, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, kamar yadda addini ya hore mu. Ku tafi ofishin lasisi tare a canja suna, kada a ce sai gobe. Mai hanzarin karɓar kuɗi da araha fiye da kima, a yi hattara da shi.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.