Ciwon Sukari da Halin Rayuwar Mai Shi

Ciwon sukarin da kan kama mutum bayan ya manyanta, galibi lallaɓa shi ake yi har ƙarshen rayuwa. Likita kan umarci majinyaci da ya rage tuwo da shinkafa, ya ƙara ganye da wake, ya sha magani kullum, ya riƙa auna jininsa. Kowane ɗaya daga cikinsu kuɗi yake ci.

A gidan da ake ɗora tukunya ɗaya domin mutum goma, ba a ware wa majinyaci girkinsa, kuma garin kwaki da masara su ne masu araha. Idan hannu ya yi ƙaranci, sai ya riƙa tsallake ƙwayar metformin, domin ciwon ba ya nuna ɓarnarsa da wuri. Wanda ya kai ga allurar insulin kuwa, ana so ya adana ta a sanyin digiri 2 zuwa 8, alhali wutar lantarki ba ta tsayawa. Shi ya sa wasu kan ajiye ta a gindin randa.

Bayan shekaru ido kan dushe, ƙoda ta gaza, ɗan gyambo a ƙafa ya ƙi warkewa har a kai ga yankewa. Idan magidancin ɗan dako ne ko manomi, daga ranar cefanen gidan ya tsaya.